Fararen Duwatsun da Na Ɗauka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga unguwar Utaibiyya, ƙasa mai tsarki, cikin watan Rajab.

Zuwa ga ɗana Abba,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan tafiyarka, ƙafafunku ba su fara kumburi ba tukuna. Na cusa ta a ƙasan jakar guzuri, ƙarƙashin dabino, don na san hannunka ba zai kai can ba sai kun wuce Tan'im kun yi zangon farko, yunwa ta tuna maka kana da uwa. Ajamina ne, irin wanda mahaifina ya koya mini muna hanyar Sudan, layin yana hawa yana gangara. Hausarka kuma na san ta, rabinta Larabci ne. Ka koma gefe ka bi ta a hankali, kada ka miƙa wa abokinka Bashir ya karanta maka.

Ranar da ka zo mini da maganar tafiyar nan, na tambaye ka me ya hana ku hawa mota kamar kowa, tunda yanzu ga su nan suna zirga-zirga zuwa Madina. Ka ce, "Ya Inna, tamshiyya ce kawai, yawon shaƙatawa. Mu kwana a fili, mu hau duwatsu, mu sha iska, mu isa ziyara da ƙafarmu irin ta mutanen da." Na ce maka ga ɗaya daga mutanen da ɗin zaune a gabanka, ka tambaye ta ko ta sha iska. Ka yi dariya, ni ma na yi. Mu mun taka sahara don ba mu da yadda za mu yi, ku kuma za ku taka ta don marmari, kuma ban ga laifinku ba.

Amma shekaranjiya Hajiya Hauwa, uwar Bashir, ta shigo aron rariya, tana gyara mayafi ta ce, "Ashe yaran nan ratsewa za su yi su ga inda baban Abba ya ɓata? Ke kam kina da ƙarfin hali." Na ce mata eh, haka ne, kamar na sani. Daga bakinta na ji ka daɗe kana bin Baduwai, Larabawan dajin nan masu gawayi, a kasuwar Zahir kana tambayar kwarin filasko da ke bayan Wadi Faɗima. Hanyar Madina ba ta ba ni tsoro, mutane na bin ta kullum. Kwarin nan nake tsoro, kuma abin da nake so guda ɗaya ne, ka fito daga cikinsa ka dawo mini.

Abin da ka sani shi ne babanka ya fita daji bai dawo ba. Haka na bar maganar, kai ma ba ka taɓa matsa mini ba. Yanzu da za ka sa ƙafarka a wurin, dole ka san yadda aka yi, daki-daki, don kurakuran da aka yi ba manya ba ne. Irin waɗanda mai hankali ke yi ne yana ganin daidai yake yi.

A wancan zamani, idan alhazai suka watse gari ya yi shiru, aikin dako ya ɗauke, babanka filasko yake fita nema. Ya tsinko ganyen, ya shanya, ya kai wa masu kayan magani. A shekarar ruwa ya sauka a kan duwatsu a makare, wani Baduwi da suka saba ya taɓa nuna masa wani kwazazzabo inda filasko ke kaiwa gwiwa. Ya ce mu tafi tare, hannuna ya fi nasa sauri. Kai kuwa ko yaye ka ba a yi ba, rarrafe kake, don haka a bayana ka yi tafiyar. Kwarin da kake ta tambaya ka riga ka taɓa zuwa.

Muna fitowa da buhuna, maƙwabciyarmu Iya Gambo tana shara a ƙofar gida. Ta ce, "Ina aka nufa da sassafe haka, har da jariri?" Na ce, "Nan bayan Tan'im ne, Iya, ɗan itace za mu yi." Ƙarya na yi mata, don bakinta ba ya riƙe magana, kuma ba na so matan unguwa su riga mu wurin a fita ta gaba. Har na ji daɗin dabarata. Da aka ga shiru ba mu dawo ba, mazan unguwa sun fita nemanmu, Allah Ya saka musu. Bayan Tan'im suka yi ta kewayawa suna kiran sunan babanka, inda ko inuwarmu ba ta taɓa zuwa ba.

Kai ma ga shi ka fara da irin tawa, ka ɓoye mini. Ban yi fushi ba, jinina ne. Amma daga yau, duk rijiyar da kuka sauka, duk rumfar mai gahawa da kuka zauna, ka faɗa wa wani babba inda kuka nufa da lokacin da kuke sa ran fitowa. Ko ya yi maka kallon mai surutu, faɗa masa. Wanda ya ɓata ana samunsa ne idan an san inda za a duba.

Salka biyu muka ɗauka ta ruwa. Ɗaya tana da ɗan tsagu a gindi, ni na ɗinke ta, na duba na ga ta yi kyau, ban cika ta na rataye ta kwana in gani ba. Duk tsawon hanya tana ɗiga a bayan babanka, shi yana zaton gumi ne. Sai da muka yi nisan da komawa ta fi ci gaba wuya muka ga ta kusa zama fata zalla. Ya juya ta ya duba ɗinkin, ya ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Da ya yi mini faɗa da na fi jin sauƙi. Na ga zamzamiyyar ruwa ta ƙarfe da ka rataya kana taƙama da ita, to ita ma ka riƙa jijjiga ta kana jin nauyinta da hannunka, kada ka yarda da ido. Kuma kowa ya riƙe ruwansa a jikinsa, kada ku tara wa mutum ɗaya don ya fi ku ƙarfi.

Bari in kwatanta maka wurin, don idan ka gan shi ka gane. Kwari ne mai faɗi, ƙasansa tsakuwa, ba ya riƙe sawu. Hagu da dama baƙaƙen duwatsu ne masu tsayi, kuma a jikinsu akwai bakunan kwazazzabai a jere, wannan na bin wannan, kamar ƙofofin ɗakunan gidan haya. Duk iri ɗaya ne. Da yamma muka isa, na gaji, idona na kan ƙafata. Na dai ji babanka ya tsaya ya ce, "Alhamdu lillahi, mun iso," muka shiga ɗaya daga ciki. Ban ɗaga kai na ga abin da ya gani ba, ban kuma tambaye shi yadda ya bambanta wannan da sauran ba. Shi mutum ne marar yawan magana, ni kuma na saba bin bayansa.

Muka bi ciki har muka sha wata kwana, inda wanda ke wucewa a babban kwarin ba zai hango mu ba. Da gangan muka zaɓi nan. Muka ci gurasa da dabino, ba mu hura wuta ba, muka kwanta.

Ka san dajin ƙasarmu ban daɗe a cikinsa ba, ina yarinya muka baro, amma ina tuna yana da murya. Kurciya na kuka, gyare na kuka, ko ba komai iska na kaɗa ganye. Can kuwa da gari ya waye babu tsuntsu, babu ko ƙuda. Shirun har nauyi gare shi, kana jin bugun jininka a kunne. Na zaunar da kai a kan zane ina tsinkar ganye, sai na ga ka juya wa filasko baya, ka fuskanci wani bangon dutse, kana ɓangala dariya kana miƙa hannu a ɗauke ka. Na duba, babu kowa, babu ko ƙadangare. Na juyo da kai, ka sake komawa. Babanka ya gani, ya tofa maka addu'a a ka.

Ɗan ruwan da ya rage ya juye mana shi cikin tukunya da buta, ya saɓa salkar mai kyau. Ya ce, "Uwar Abba, akwai rijiyar makiyaya can gangare. Kafin azahar ina nan, in Allah Ya so. Kada ki bar inuwar nan."

Na ce, "To, Malam. A dawo lafiya."

Ya sunkuya ya ja ɗan yatsan ƙafarka, ya tafi. Ina jin tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin takalminsa har ta daina.

Daga nan ne na yi abin da na yi. Na ce a raina mutumin nan kwana da kwanaki yana cin busasshiyar gurasa, ga ɗinkina ya ja masa ƙarin tafiya, bari ya dawo ya tarar da tuwo mai zafi. Ina da garin gero, ina da kuka. Ruwan tukunya zai isa, ai ga wani yana zuwa. Ka ji wannan da kyau, Abba. Ruwan da ke hannunka shi ne ruwanka. Wanda aka tafi ɗebowa ba naka ba ne sai ya shiga maƙogwaronka.

Saura murhu. Duwatsu ba su ƙare a wurin ba, ko'ina dutse ne. Amma ka san uwarka da tsirfa, har yau ba na ɗora tukunya a murhun da ya karkace. Na nan kusa duk masu kaifi ne, wani dogo wani gajere, suna ɓarewa a hannu. Na goya ka na fita ina tsintar ƙirare ina dubawa, har na kai bakin kwazazzabon. A nan na ga wani ɗan tarin baƙaƙen duwatsu, tsayinsa bai wuce ƙugu ba, a samansa an ɗora farare guda uku, mulmulallu, girmansu ɗaya. Wallahi har godiya na yi wa Allah. Na ce ka ga murhu an haɗa mini. Na ɗauke su na zuba a zane, ina janye na ƙarshe tarin ya rushe, baƙaƙen suka gangara suka shiga cikin 'yan'uwansu. Ko waiwaye ban yi ba.

A gidanmu dutse dutse ne, wanda ya riga gani shi ke ɗauka. Ban san a ƙasar nan dutsen da aka ɗora a kan dutse magana ce ba. Don haka duk inda ka ga an jera duwatsu a daji, komai ƙanƙantar tarin, kada ka taɓa, kada ka zauna a kai, kada ka bari abokanka su yi jifa da su don wasa. Wani ne ya bar wa wani hanya. Idan za ku hura wuta, ku ɗauki mummunan dutsen da ke kwance shi kaɗai, tukunya ta karkace ɗin.

Tuwo ya yi kyau. Na rufe shi na zauna. Inuwa ta tsuke ta dawo gindin dutse, azahar ta yi, na yi taimama na yi salla. Shiru. Wajen la'asar na ji shi. Daga nesa ne ƙwarai, muryar ta dushe: "Uwar Abba! Uwar Abba!" Na miƙe na ƙwala, "Malam! Ga mu nan!" Sai duwatsu suka karɓe suka yi ta maimaita mini, ga mu nan, ga mu nan, ta gaba ta baya. Ya sake kira, na ji kamar daga cikin kwazazzabon ne, can sama, na ruga ciki. Ya sake, na ji kamar daga waje, na juyo. Haka na yi ta kai da kawo kamar kazar da aka ɗauke wa 'ya'ya. Lokacin da na yanke shawara na fita bakin kwarin, rana ta faɗi, babu kowa, kiran ma ya daina.

Na koma na hura wuta babba da duk itacen da na tara, don ya hango. A ina na hura ta? A masaukinmu, bayan kwanar nan da muka zaɓa don kada a gan mu. Idan ɗayanku ya ɓace, Allah Ya kiyaye, kada ku bi murya a cikin duwatsu, ƙarya take yi. Mutum ɗaya ya fita fili ya tsaya inda ake ganinsa ta kowane gefe, ya ɗaura zane a sanda, a hura wutar a kan tudu. Sauran su zauna wuri ɗaya.

Mutane suna zaton dare ne abin tsoro a daji. Ni daren bai dame ni ba, akwai taurari, akwai sanyi, na rungume ka ina karanta abin da na iya. Rana ce abin tsoro. Washegari butar ta ƙare, nonona ya fara ɗaukewa, kana tsotsa kana saki kana kallona. Tuwon yana nan, na kasa haɗiye ko loma. Da rana ta take tsaka, inuwa ta ɓace gaba ɗaya, iska ta tsaya cik, sai na ji an yi magana kusa da ni, kamar daga bayan dutsen da ke gabana.

"Rabi. Taho mana, ga ruwa nan."

Muryar babanka ce, ba ni da shakka. Amma ba irin ta jiya ba. Wannan a sake take, babu ƙishi a cikinta, kamar wanda ya tashi daga barcin rana yana kiran a kawo masa shayi. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni, na ce, "Na'am."

Na goya ka na bi. Na sha kwana, babu kowa. "Rabi, taho mana, ga ruwa nan." Yanzu tana bayan dutse na gaba. Na bi. Hanyar ta tsuke ta fara hawa, ina kama duwatsu da hannu suna ƙona ni, ban damu ba, murna nake yi. Kowane lokaci kalmomin nan ne, ba ƙari ba ragi, da sauti ɗaya. Sai kai, da tun safe ba ka da ƙarfin kuka, ka tsandara wata irin ƙara, ka damƙi gashin ƙeyata ka ja da iyakar ƙarfinka. Zafin ya sa na tsaya don in juyo da kai gaba. Da na sunkuyar da kai, sai na ga ƙasa ta ƙare. Yatsun ƙafata suna bakin wani rami mai zurfin da ban ga gindinsa ba. Daga can ƙasa aka ce, a hankali, "Rabi, taho mana."

A nan hankalina ya dawo. Sunan mahaifiyar babanka gare ni. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa kama sunan nan da bakinsa ba, ko a wasa, ko a faɗa. Na zauna daɓas, na ja da baya da mazaunai ina karanta Ayatul Kursiyyu, harshena kamar busasshiyar fata. Ban san yadda na koma masauki ba.

Daga baya na ba wani malami labari, ya ce ƙishirwa na sa mutum ya ji abin da babu. Iya Gambo kuwa ta ce masu wurin ne, ta ƙi ma kama sunansu. Ban yi musu da ko ɗaya ba. Ni dai na san abin da kunnena ya ji.

Kukan awaki ne ya farkar da ni. Wata tsohuwar Baduwiya ce tsaye a kaina, cikin baƙaƙen kaya, fuskarta a rufe sai idanu. Ta jiƙa gefen mayafinta ta matsa mini a baki, ta matsa maka. Ina wawurar salkarta tana janyewa tana cewa, "Shwayya shwayya, ya binti," wato a hankali, 'yata. Ta tatso akuya ta ba ka. Ta tambaye ni ina mijina, na nuna mata hanyar rijiya da hannu, don Larabcina a lokacin bai wuce na cefane ba.

Sai idonta ya faɗa kan murhu. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "La haula wala ƙuwwata illa billah." Ta sauke tukunyar da tuwon a ciki, ta ɗauki duwatsun nan uku, duk sun yi baƙi da hayaƙi, ta goge su da yashi ɗaya bayan ɗaya har farinsu ya fito. Ta yafito ni, na bi ta zuwa bakin kwazazzabon. Ta durƙusa ta tattara baƙaƙen ta sake gina tarin, ta ɗora fararen a sama. Sannan ta kama hannuna ta ja ni tsakiyar babban kwarin, ta juya ni. Na duba. Bakuna a jere, baƙi, baƙi, baƙi, sai guda ɗaya mai ɗigon fari yana haske tun daga nesa. Ba ta zage ni ba. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Ya miskina." Ni kuwa na gwammace ƙasa ta tsage in shige, don a lokacin na gane abin da babanka ya gani ya ce mun iso, da abin da ya dawo yana nema bai gani ba.

'Ya'yanta maza suka fita nema. Ba su yi nisa ba. A bakin kwazazzabon da ke maƙwabtaka da namu suka sami salkarsa a jingine da dutse, cike taf, bakinta a ɗaure, ko kurɓa bai yi ba. Kusa da ita takalmansa, a jere, sun fuskanci ciki, yadda yake ajiye su a ƙofar ɗaki. Akwai ɗan yashi a wurin, suka nuna mini sawunsa babu takalmi, yana shiga, taku a natse ba na mai gudu ba. Inda yashi ya ƙare sawun ya ƙare. Sun shiga da safe sun duba har inda ƙafa ke kaiwa, amma rana na ɗagawa suka fito, suka ƙi komawa. Babbansu ya ce da ni, a hankali don in gane, "Ya hajja, wanda ya shiga haka, kiransa aka yi."

Na sha tambayar kaina muryar wa ya ji. Wataƙila tawa ce ta gaske, lokacin da nake ƙwala masa kira, duwatsu suka karkatar da ita. Wataƙila kuma ba tawa ba ce. Ko wacce ce, ya ajiye mana ruwan inda za a gani, ya bi ta. Ina kewarsa har yau, Abba, kuma ina jin kunyarsa.

Ba zan ce kada ka je ba. Idan na hana ka, za ka je a ɓoye, kuma ka ga inda ɓoyo ya kai mu. Ɗa yana da hakkin ya tsaya inda ubansa ya tsaya ya yi masa addu'a. Amma ka nemi Baduwi ɗan wurin ya raka ku, ku bi maganarsa ko da ta saɓa wa taku. Ku shiga da sanyin safiya. Ka tsaya a bakin kwazazzabon, ka karanta masa abin da ya sawwaƙa, kada ka wuce inda yashi ya ƙare. Idan ka tarar tarin ya rushe ka gyara shi, fararen a sama. Kafin inuwarka ta dawo ƙarƙashin ƙafarka ku kasance kun bar kwarin baki ɗaya, ko Bashir ya ce bai gama kallo ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tun da na amsa na'am ɗin nan, kiran bai rabu da ni ba. Ba kullum ba ne, wani lokaci shekara ta zagayo ban ji ba. Sai rana ta take, unguwa ta yi tsit kowa ya shige ɗaki, in ji daga bayan katanga, Rabi, taho mana. Na saba, ina yin a'uziyya in ci gaba da aikina. Amma ranar Talatar da ta wuce, tun kafin Hajiya Hauwa ta zo da labarinta, ina tankaɗe a tsakar gida na ji an yi kira, kuma ba ni aka kira ba. Kai aka kira, da sunanka na yanka. Muryar kuma ba ta babanka ba ce. Tawa ce. Ina zaune, bakina a rufe, ina jin kaina a bayan katanga ina kiranka a hankali.

To ka saurara. Kai ɗan fari ne, kuma sunan kakanka ka ci. Tun ranar da aka raɗa maka shi ban taɓa furta shi ba, ka duba takardar nan daga sama har ƙasa ba za ka gan shi ba. Idan kana cikin duwatsun nan ka ji muryata ta kama sunanka, ko tana kuka, ko tana cewa ta faɗi ta karye, ko tana roƙonka ruwa, ba ni ba ce. Ni ina Utaibiyya. Kada ka amsa, kada ka waiwaya, ka kama hannun wanda ke kusa da kai ka riƙe har ku fita.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Allah Ya sanyaya muku rana, Ya kusanto muku da rijiya, Ya haɗa ku da mutanen kirki. Ka riƙe Falaƙi da Nasi safe da yamma, da addu'ar sauka a kowane zango. Idan Allah Ya kai ku Madina ka isar mini da sallama ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ka roƙa wa babanka rahama, ni kuma gafara. Ka gaida Bashir da sauran.

Ranar da za ka dawo, kada ka tsaya a waje kana kiran Inna, don ba zan amsa ba. Ka turo ƙofa ka shigo har inda nake, ka miƙo hannunka in taɓa.

Wassalam.

Mahaifiyarka.